Ƙugiyar Harafi Tsakanin Fayil da Na'urar Karatu

 

 

Abin da zan yi magana a kansa ƙarami ne a ido. Ƙugiya ce, wadda ke kan ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda mu a Nijeriya muke sa hamza kafin y. Duk mai karanta Hausa a waya ko a kwamfuta ya sha ganin abin da ke samun waɗannan haruffa. Wani lokaci ɗan akwati ne zai tsaya a gurbinsu, wani lokaci alamar tambaya, wani lokaci kuma harafin zai fito amma ba da kamar 'yan'uwansa ba, siriri a tsakiyar masu kauri. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne fayil ɗaya ne, marubuci ɗaya, amma ya fito tsaf a wayar wannan, ya dagule a na'urar wancan. Mai karatu ya ce laifin marubuci ne, marubuci ya ce wayarka ce ba ta da kyau, daga ƙarshe a sasanta a kan abin da ya fi kowanne muni, wato a cire ƙugiyar gaba ɗaya kowa ya huta. Wannan sasantawar ce ban yarda da ita ba. Amma kafin in faɗi dalilina, sai mun bi sawun harafi tun daga yatsan mai bugawa har zuwa idon mai karatu.

Na'ura ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Idan ka danna ƙ a wayarka, abin da aka ajiye a fayil lamba ce. A 1991 aka fitar da kundin Unicode, wanda manufarsa ita ce kowane harafi na kowane irin rubutu ya sami lambarsa shi kaɗai, wadda ba za ta canza ba ko ina aka kai shi. Haruffanmu suna cikin kundin tun farkon tafiyar. Ƙaramin ƙ lambarsa 0199, babban 0198. Ƙaramin ɗ 0257, babban 018A. Ƙaramin ɓ 0253, babban 0181. Ku dubi lambobin nan da kyau. Babban Ƙ da ƙaraminsa suna jere da juna, haka ma Ƴ da ƴ, duk a rukunin ƙarin haruffan Latin, kuma manyan Ɓ da Ɗ suna tare da su. Amma ƙananan ɓ da ɗ an kai su wani rukuni daban, na alamomin da masana ilimin furuci ke rubuta sauti da su. Ke nan haruffa takwas da Bahaushe yake gani a matsayin abu ɗaya, a wurin na'ura rukuni biyu suka rabu.

Ita kuwa lamba ba a karanta ta. Abin da ido ke gani zane ne, zanen kuma yana cikin wani fayil daban, wanda masu shagon kwamfuta ke kira fon, ni kuma zan riƙa ce masa zubin haruffa. Times New Roman zubi ne, Arial zubi ne. Kowane zubi yana ɗauke da zanen wasu lambobi ne kawai, domin zana harafi aikin gwani ne da ake biya, kamfani kuma kasuwa yake dubawa. Za a fara da haruffan Ingilishi da Faransanci da Jamusanci, a ƙara na Poland da Turkiyya, in hali ya yi a sa na Girka da Rasha. Rukunan da namu suke su ake zuwa wa a ƙarshe, in ma an zo. Shi ya sa za ka tarar da zubin da ke da ƙ amma ba shi da ɗ, ko ƙaramin harafi ya fito a cikin labari amma babban ya ɓace a kan babi. Idan na'ura ta zo kan lambar da zubinta bai zana ba, ɗayan biyu ne: ko ta aro zanen daga wani zubin da take da shi, sai harafin ya fito bare a cikin kalma, ko ta rasa wurin aro, ta ajiye akwati.

Wahalar ba yau ta fara ba. Tun shekarun 1930 da aka tsayar da waɗannan haruffa a rubutun boko, bayan an daɗe ana sa ɗigo a ƙarƙashi ko hamza a gefe, kowane sabon kayan aiki sai ya zo ba tare da su ba. Dattawan da suka yi aiki da tafireta a cikinmu za su tuna yadda ake gama buga takarda sannan a bi ta da biro ana lanƙwasa kan k da d ɗaya bayan ɗaya. Da kwamfuta ta shigo, kafin Unicode ya zauna da gindinsa a manhajojin da muke da su, sai masu kishi suka nemo mafita. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da zubin Rabi'at a shekarun 1990, wasu ma suka yi nasu, kuma da waɗannan zubi aka buga littattafai da mujallu da kundayen digiri masu yawan gaske. Sun yi wa Hausa hidimar da ba za a manta ba. Dabarar da zamanin ya ba da hali ita ce a ɗauki lambar wani harafi ko alama da Hausa ba ta buƙata, a zana namu a kanta. Wasu zubin sun hau kan q da x da v, wasu sun hau kan alamomin baka. Muddin zubin yana tare da fayil, ido zai ga ƙasa da ɗaya da ɓera. Ranar da suka rabu, sai qasa da xaya da vera su bayyana, domin abin da ke rubuce a ƙarƙashi ke nan tun asali.

To a nan ne bambancin nau'o'in fayil ya shigo. Littafi matafiyi ne, zubin haruffa guzurinsa, na'urar karatu kuma mai masaukinsa. Tambaya ta farko ita ce, shin nau'in fayil ɗin ya ba littafi damar ɗaukar guzuri? Ta biyu kuma, in ya ɗauko, mai masauki zai bar shi ya ci nasa, ko zai ce sai dai abin da aka dafa a gidan?

PDF, wanda kamfanin Adobe ya fitar a 1993, shi ne ya fi kowa amsa tambayar farko da kyau. Yana cusa zanen haruffan a jikinsa, yana kuma ƙayyade inda kowanne zai zauna a shafi, na'ura ba ta da ta cewa. Ba mamaki da shi ne ya mamaye karatun Hausa a waya, shi ake turawa a WhatsApp, shi ake saye da sayarwa. Ban ga laifin marubuciyar da ta zaɓe shi ba, domin abin da ta gani a kwamfutarta shi mai saye zai gani. Amma kuɗin da ake biya ba kaɗan ba ne. Shafin da aka tsara don takarda ba ya lanƙwasuwa ya shiga fuskar waya, sai mai karatu ya yi ta buɗa yatsu yana jan shafi hagu da dama. Dattijon da idonsa ya yi rauni ba zai iya ƙara girman rubutu layuka su sake jeruwa ba. Sannan PDF yana rufa wa kuskure asiri. Littafin da aka buga da tsohon zubi zai fito da ƙugiyarsa tsaf, amma ka nemi kalmar ƙasa a ciki, na'ura za ta ce babu, ka kwafi sakin layi ka kai wani wuri, sai q da x su zubo. Wanda aka ɗauki hoton shafukansa aka haɗa kuwa, babu harafi ko ɗaya a cikinsa, hoto ne zalla, mai nauyi, mai cin data, kuma makaho da ke dogara da manhajar da ke karanta masa rubutu ba shi da rabo a ciki.

EPUB an gina shi ne a kan wani tunani daban. An fitar da shi a 2007, aka sabunta shi zuwa EPUB 3 a 2011, kuma tun 2017 kulawarsa ta koma hannun W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet. In ka buɗe cikinsa, ƙunshi ne na shafuka irin na intanet, da fayil ɗin umarnin ado, da hotuna, da zubin haruffa in mai ɗab'i ya ga dama ya sa. Rubutun ba a ɗaure yake ba, yana bin girman allo, kuma mai karatu yana da ikon ƙara girma, ya canza tazara, ya canza zubin ma gaba ɗaya. Wannan 'yancin shi ne amfanin EPUB, kuma ta nan matsalarmu ke shigowa. Mai ɗab'i zai iya cusa zubin da ke da dukan haruffanmu, amma abin da ya rubuta a fayil ɗin ado roƙo ne yake yi wa na'ura. Tana iya karɓa, tana iya ƙi, mai karatu ma yana iya sokewa da danna yatsa ɗaya.

Amazon kuwa hanyarsa daban. Da ya fitar da Kindle a Nuwamban 2007, ya ɗora ta ne a kan nau'in MOBI na kamfanin Mobipocket na Faransa, wanda ya saya a 2005. MOBI ba ya ɗaukar zubi ko kaɗan. Duk abin da ke cikin na'urar shi littafi zai sa, in harafinka ba ya ciki, shi ke nan. Sai a 2011 da nau'in KF8 ya zo, wanda fayil ɗinsa ke ƙarewa da AZW3, sannan littafin Kindle ya sami damar tafiya da zubinsa. A 2015 aka ƙaro KFX tare da sabon zubin Bookerly, a 2018 kuma aka ba mai na'ura damar zuba nasa zubin ta hanyar jona ta da kwamfuta. Daga 2022 Amazon ya fara karɓar EPUB a hanyarsa ta tura littafi zuwa Kindle, sai dai na'urar ba EPUB ɗin take karantawa ba, juya shi ake yi zuwa nau'in Amazon a kan hanya, kuma abin da zai sami zubinka a wannan juyi ba a hannunka yake ba. Ko da zubin ya isa lafiya, yana zama ne ɗaya daga cikin zaɓuɓɓuka, a ƙarƙashin sunan zubin mai ɗab'i. Na san Kindle ba ta yawaita a Kano ko Damagaram ba. Amma duk marubucin da ke son littafinsa ya isa hannun Bahaushen da ke London ko ɗalibin Hausa a wata jami'ar Amurka, zai bi ta wannan ƙofar.

Sauran na'urorin kowace da halinta. Na farko-farko irin na Sony da Nook da injin Adobe suke karanta EPUB, kuma zubin da ke cikinsu bai wuce haruffan yammacin Turai da yawa ba, har masu karatu da Rashanci suka sha buɗe littafi su tarar da alamomin tambaya jere. Kobo, ta kamfanin Kanada da Rakuten na Japan ya saya a 2012, tana da inji biyu a ciki, ɗaya na EPUB na gama-gari, ɗaya na nata nau'in da ake kira KEPUB, don haka littafi ɗaya zai iya nuna fuska biyu a na'ura ɗaya. Manhajar littattafai ta Apple tana son a rubuta mata wani layi na musamman a cikin fayil, mai cewa a yi amfani da zubin da aka cusa, in ba haka ba tana iya wucewa ta bar shi. A Android, inda mafi yawan masu karatunmu suke, wayoyin zamani suna da rumbun zubi mai faɗi da suke aro daga ciki, shi ya sa akwati ya ragu ƙwarai. Amma manhajojin karatu sun bambanta, wata tana bin umarnin mai ɗab'i, wata tana ture shi ta sa nata. Ga kuma samari da 'yanmata masu sauya wa waya zubi na ƙawa, wanda galibi haruffan Ingilishi kaɗai aka zana a cikinsa.

Idan kun haɗa wannan duka, za ku ga babu wani mai ɗab'i a duniya da zai iya rantse muku cewa zubinsa ne zai bayyana a gaban kowane mai karatu. Saboda haka ra'ayina shi ne, zubi abin taimako ne, a sa shi, amma abin da za a tsaya a kansa da gaske shi ne lambar da ke ƙarƙashi. Ku ɗauki littattafai uku. Na farko an buga shi da lambobin Unicode na gaskiya. A tsohuwar na'ura zai iya nuna akwati yau, amma ranar da aka sabunta na'urar ko aka buɗe shi a wata, zai warke da kansa ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Ana iya nemo kalma a cikinsa, ana iya haɗa shi da ƙamus, ana iya juya shi zuwa kowane nau'in fayil da zai zo nan gaba. Na biyu an buga shi da tsohon zubi. A EPUB wannan yana kan siraɗi, domin mai karatu na canza zubi ya wargaje. Amma yana da magani: a sa kwamfuta ta maye kowane q da ƙ, kowane x da ɗ, sannan mutum ya bi ya gyara sunayen waje da kalmomin Ingilishi da canjin ya shafa. Na uku shi ne wanda aka cire wa ƙugiya don gudun akwati. Wannan ba na'urar da za ta gyara shi da tabbaci, domin bayanin ya riga ya salwanta. Sai an zaunar da wanda ya san Hausa ya bi kalma bayan kalma yana tantance fada da faɗa, kafa da ƙafa, bata da ɓata. Mu da muka tashi da harshen mukan cinka daga ma'anar jimla, shi ya sa muke ganin abin ba komai ba ne. Yaron da ke koyon karatu ba ya cinka, baƙon da ke koyon Hausa ba ya cinka, manhajar da ke karanta wa makaho ma ba ta cinka. Abin yana damuna ƙwarai, ganin adabin da aka fi rubutawa da Hausa a wannan zamani, wato labaran da ake sakewa babi-babi a waya, kaso mai yawa nasa a wannan rukuni na uku yake, alhali allon rubutu na Gboard da ke kan wayoyin yana da Hausa da ƙugiyoyinta, kunna shi kawai ake yi.

Yanzu ga masu ɗab'i. Wane zubi za a cusa? Ba kowanne ne halal a ɗauka ba. Zubi dukiya ce mai lasisi, kuma yawancin waɗanda suka zo tare da kwamfutarka an yarje maka ka yi rubutu da su ne, ba a yarje maka ka kwafi fayil ɗinsu ka sa a littafin sayarwa ba. A EPUB kuwa fayil ɗin zubin kansa ne ke tafiya, duk wanda ya buɗe ƙunshin zai iya cire shi. Don haka ne ƙa'idar EPUB ta tanadi wata dabara ta hargitsa bayit 1040 na farkon fayil ɗin zubi, da mabuɗin da ake cirowa daga lambar shaidar littafin. In wani ya canza lambar shaidar nan, misali wajen fitar da bugu na biyu, mabuɗin ya daina aiki, zubin ya mutu shiru, ba gargaɗi. Alhamdu lillahi ba mu da buƙatar shiga wannan rigima. Cibiyar SIL ta fitar da zubi irin su Charis da Gentium da Andika, wanda aka zana shi musamman don masu koyon karatu, Google kuma yana da Noto. Dukansu suna da haruffanmu manya da ƙanana, kuma suna ƙarƙashin lasisin OFL, wanda ya halatta a cusa su a littafi, har na sayarwa, ba tare da biyan ko kwabo ba.

Akwai ƙananan tarko da ke kama ko da mai lura. Zubi ɗaya a ido fayil huɗu ne a zahiri: na tsaye, mai kauri, na gicciye, da mai kauri a gicciye. In ka cusa na tsaye kaɗai, sunan littafi da aka karkata ko kan babi mai kauri zai koma hannun na'ura ta yi yadda ta iya. Sannan akwai batun nauyi. Manhajoji irin su Calibre suna iya rage zubi, su bar haruffan da littafin ya yi amfani da su kawai, wanda hakan alheri ne ga mai sayen data. Amma in aka rage, daga baya aka gyara rubutu aka ƙara harafin da da babu, ko umarnin ado ya mayar da kan babi manyan baƙaƙe alhali ba a ajiye zanen babban Ɗ ba, matsalar da aka gudu za ta dawo ta taga.

Hamza ma tana da nata. Manhajar rubutu tana ɗaukar hamzar farkon kalma a matsayin buɗe zance, sai ta juya ta, ka ga 'ya'ya ta fito da alama ɗaya tana kallon gabas ɗaya tana kallon yamma. Unicode yana da hamza ta musamman, mai lamba 02BC, wadda na'ura ke lissafawa a matsayin harafi, ba alamar rubutu ba, sai dai ita ma ba kowane zubi ne ya zana ta ba, don haka a duba kafin a zaɓa. Kada kuma a manta a rubuta a cikin bayanan fayil cewa harshen littafin Hausa ne, da alamar ha. In aka bar shi a kan Ingilishi, na'urar da ke karya kalma a ƙarshen layi za ta karya ta da ƙa'idar Ingilishi, tana iya raba t da s a tsakiyar kalma, ko ƙ da w, waɗanda a wurinmu sauti ɗaya ne. Malaman harshe masu buga ƙamus da nahawu nasu ya fi nauyi, domin suna ɗora alamar karin sauti a kan alamar tsawon wasali, suna kuma sa alama a kan r don bambance ra-gare da ra-kaɗe. Da yawa daga cikin irin waɗannan ba su da lamba guda, ɗora alama ake yi a kan harafi, kuma zubin ne ke ɗauke da umarnin inda za ta sauka. In zubin ko injin na'urar ya gaza, alamar ta zame gefe ko ta hau kan 'yar'uwarta.

Bari in juya ga ajami, domin a can ne abin ya fi tsanani, kuma a can ne muke da dukiyar da ta fi daɗewa, tun daga waƙoƙin Nana Asma'u da na malaman zamaninta. Za a ce ai na'urori sun iya Larabci, EPUB 3 ya tanadi buɗe shafi daga dama, Kindle ma ta fara karɓar littattafan Larabci a 2018. Gaskiya ne, amma Larabcin da suka iya na Gabas ne. Ajaminmu daga rubutun Magrib da ƙira'ar Warshu ya samo asali. Fa ɗinmu ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf ɗigo ɗaya ne a sama, muna da ɗigon imala a ƙarƙashin baƙi don wasalin e, muna da baƙaƙen da aka ƙara wa ɗigo uku don sautukan da Larabci ba shi da su. Kuma mu wasali ba ado ba ne, in babu shi ba a karanta ajami. Unicode bai ba fa da ƙaf da nun irin na Afirka lambobinsu ba sai a 2016, wasu ƙarin baƙaƙen ajamin Hausa kuma sai a 2020. Duk na'urar da zubinta ya girmi waɗannan shekaru ba ta san da su ba. Illar aro a nan ta fi ta boko, domin baƙaƙen ajami haɗe suke, in aka aro ɗaya daga wani zubi sai kalmar ta tsinke a tsakiya. SIL ta zana Alkalami bisa salon rubutun Kano, ta kuma zana Harmattan don ajamin Afirka ta Yamma, dukansu kyauta ne. A ganina, wanda zai fitar da littafin ajami yau ya buga shi da lambobin Unicode da ɗaya daga cikin waɗannan zubi, ya fitar da PDF don masu karatun yanzu, ya adana asalin fayil ɗin da kyau don ranar da na'urori za su iso. Tsofaffin rubuce-rubucen hannu da ke Gidan Arewa a Kaduna da wuraren adana tarihi na Sakkwato da Kano, da waɗanda Jami'ar Boston ta ɗauki hotunansu, hoton yana tsare kamanninsu, amma sai an buga matanin a gefensa sannan ɗalibi zai iya nemo baiti ɗaya a cikin ɗaruruwan shafuka.

Abu biyu nake roƙo. Ga maɗaba'u da marubuta masu fitar da littafi da kansu, kada a saki fayil don ya yi kyau a kwamfutar ofis. A tura shi zuwa tsohuwar Tecno ko itel irin wadda ke hannun mai saye, a buɗe shi da manhaja biyu ko uku, a canza zubi da gangan a ga abin da zai faru, a duba kan babi da kalmomin da aka karkata, a nemi kalma mai ƙugiya a ga ko za a same ta. Akwai EPUBCheck da ke binciken lafiyar fayil, akwai Kindle Previewer da ke nuna yadda littafi zai fito a na'urorin Amazon, kuma ba a sayar da ko ɗaya. Ga sassan Hausa na jami'o'inmu da kwalejojin ilimi kuma, iyayena malamai, kundaye da mujallun da aka buga da tsofaffin zubi suna nan a kwamfutoci da faya-fayai, kuma waɗanda suka san wane zubi ya hau kan wace alama suna raye, ana iya tambayarsu. Aikin juya su zuwa Unicode bai fi ƙarfin ɗalibai kaɗan da malami ɗaya mai duba su ba, kuma ya kamata kowane sashe ya sa sharaɗi cewa daga yanzu ba zai karɓi kundi ba sai an buga shi da lambobin gaskiya.